Gidan Ƙasimu Baduku

Duk wanda ya yi zama a Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde da bakinmu ya gajarce ya mayar Birik, ya san rumfar Ƙasimu Baduku, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana gangaren da ke tsakanin teloli da masu tsire, inda hayaƙin nama da warin fata suke kokawa tun safe har magariba ba wanda ya kayar da wani. A nan Ƙasimu ya shekara fiye da ashirin yana ɗinka wa matafiya jaka. Alhazai, fataken goro, dillalan shanu masu hawa jirgin ƙasa zuwa Gaundare, duk ta hannunsa suke bi. Jakunkunansa sun ga Makka, sun ga Duwala, sun ga Injamena. Shi kuwa mai ɗinkin bai taɓa ganin ko'ina ba. Sau ɗaya tak ya nufi Obala, nan kusa, ita ma bai isa ba.

Mutanen unguwa suna ce masa matsoraci, kuma ba ƙazafi suka yi masa ba. In Ƙasimu ya hango kaki, ko da na mai raba wasiƙa ne, hannunsa ya tafi ƙirji ke nan. A nan, ƙarƙashin riga, yake rataye da katinsa na ɗan ƙasa, wanda ake kira dantite, cikin wani kube na jar fata mai ruɓi uku da ya ɗinka da kansa, ya shafe da kakin zuma don kada ruwa ya shiga. Matarsa Rakiya, mace mai baki da son dariya, takan ce kowa laya yake ratayawa don tsari, mijinta kuwa hotonsa ya rataya. Da katin yake kwana, da shi yake sallah. Wanka kaɗai ke raba su, shi ma sai ya maƙale shi a ƙusa inda idonsa zai riƙa kaiwa.

Amma tsoron nan ba daga sama ya faɗo masa ba. Mahaifinsa, Malam Isma'ila, ya baro Kano da ƙafa yana saurayi, ya biyo ayarin fatake ta Yola, har ya tsaya a nan tun ana gasa bulo a unguwar. Ya yi aure, aka haifi Ƙasimu a ɗakin da ke bayan rumfar, aka binne cibiyarsa a gindin mangwaron tsakar gida. Shekara arba'in tsohon ya yi a Yawunde, amma bai taɓa kiran Kano da sunanta ba, gida yake cewa. Kuma ba shi kaɗai ba, duk Birik haka ake magana. In aka ce wane ya tafi gida, Najeriya ake nufi. In ɗakinsa ya shiga, sai a ce yana ciki. Za ka ji mutumin da kakansa ma a nan aka haife shi yana yatsina fuska a kan kwanon tuwo, yana cewa ai a gida ba haka ake miyar kuka ba.

Wurin uban Ƙasimu ya koyi dukanci. Malam Isma'ila yana da ɗabi'u biyu a aiki da babu wani baduku a Yawunde mai yin su. Kafin ya huda fata sai ya goga tsinin basilla a gefen hancinsa, wai maiƙon fuska yana sa ta shige ba gardama. In kuma ya kai ƙarshen ɗinki ba ya ƙulli. Sai ya koma baya sau uku, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya bar wata 'yar alama kamar sawun kaza ta ciki, inda mai jaka ba zai gani ba sai ya juya ta. In Ƙasimu ya tambayi dalili, amsar ɗaya ce kullum: "Haka ake yi a gida."

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, zamanin da ba a fita gari sai da takardar izini, uba da ɗa suka hau babbar mota za su Obala sayen fata. Ƙasimu yana da shekara ashirin da 'yan kai. Ruwa ya duke su a hanya, irin ruwan Yawunde da ba ya sallama. Da aka zo shinge, masu kaki suka ce kowa ya fito da takardarsa. Ta Ƙasimu tana cikin hula, ta tsira. Ta tsohon tana aljihun gaba, tawadar hatimin ta narke kamar an ɓarar da shuni. Aka sauke shi. Ƙasimu ya yunƙura zai bi shi, uban ya watsa masa harara ya ce, "Zauna." Mota ta ja, yana kallon farar rigar mahaifinsa tana ƙanƙancewa a bakin hanya. A kwana ta gaba ya dire ya dawo da gudu. Shingen yana nan, masu kaki suna nan, tsohon babu.

Bayan kwana goma sha ɗaya Malam Isma'ila ya dawo, an aske masa kai da gemu, hannunsa na dama yana rawa. Bai faɗi inda aka kai shi ba, ba kuma wanda ya tambaya, don zamani ne da tambaya ma laifi ce. Bai ƙara riƙe basilla ba. Bayan damina biyu aka kai shi makwancinsa. Tun daga nan Ƙasimu ya yanke wa kansa hukunci cewa takarda ita ce mutum, hanya kuwa ita ke cin takarda. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Haka ya zauna lafiyarsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, har shekarar 1981, da Alhaji Garga ya kawo fitina cikin kwali. Alhaji Garga Bafillacen Garwa ne mai sayar da atamfa, mutum mai son a san ya je wurare. A lokacin Kamaru ba ta da gidan talabijin ko ɗaya, in ka kunna akwatin sai dai ka ga farin yayyafi yana shuuu. Amma Alhaji ya haɗo da na'urar bidiyo da kaset shida da wani amininsa a Kaduna ya naɗar masa daga talabijin ɗin can. Biyu na dambe ne. Sauran huɗun shirin wani mutum ne mai jar hula, da ke yawo gari-gari da abin magana a hannu yana nuna wa mutane ƙasa.

Ran Lahadi bayan la'asar falon Alhaji yakan cika har baranda. Mata kuma Litinin da hantsi, in maza sun fita nema. Mai Jar Hula, haka aka raɗa masa, ya kai mutanen Birik inda ba su taɓa zato ba. Ya shiga kwalekwale inda manyan koguna biyu suka haɗu, kowanne da launin ruwansa. Ya tsaya a gaɓa, masunta dubbai suka afka ruwa lokaci guda da ƙorai da homa. Ya hau duwatsun Jos yana haki. Ya tsoma ƙafa cikin wani ruwa mai ɗumi da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse a tsakiyar daji. Kullum in zai rufe sai ya ɗaga hula ya ce gani ya kori ji, falo kuwa sai ya kaure. Tela ya rantse baɗi war haka yana Jos. Mai tsire ya ce shi ruwan ɗumin nan zai kai tsohuwarsa saboda ciwon gwiwa. Waɗanda ko unguwar Cité Verte ta nan cikin gari za su sai sun yi shawara da aljihu, duk sun zama matafiya.

Da farko Ƙasimu ya ƙi zuwa. Ya ce duk abin da ya tara mutum fiye da goma a ɗaki ɗaya ba ya rasa mai kai rahoto. Rakiya ce ta ishe shi da labari har ya gaji ya je, ya zauna bakin ƙofa kusa da takalmansa, don ko-ta-kwana. Da kwalekwalen Mai Jar Hula ya yi tangal-tangal, sai ga Baduku ya damƙe gefen tabarma da hannu biyu yana salati, aka yi ta yi masa dariya. Ya rantse ba zai koma ba. Lahadi na zagayowa shi ne na uku a layi. Tsoro yake ji, babu shakka, amma wani irin tsoro ne da bai saba da shi ba, mai jan mutum gaba. A rumfa ya fara yi wa masu karɓar jaka tambayoyin da bai taɓa yi ba: awa nawa jirgi ke yi zuwa Gaundare, shinge nawa ne daga can zuwa Garwa, in ruwa ya zo a hanya ina ake ɓoye takarda.

Lahadi ta biyar aka sa kaset na ƙarshe. Da ganin ganuwa da marina falo ya ɗauka gaba ɗaya: "Ga gida! Ga gida!" Mai Jar Hula ya kutsa kasuwa, ya bi wani siririn lungu na dukawa, ya tsuguna gaban wani tsoho mai furfura da ke ɗinkin alabe. Tsohon bai ko ɗago ba. Ya ɗauki basilla, ya goga tsininta a gefen hancinsa, sannan ya huda fata.

Ƙasimu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya tattake mutane har gaban akwatin.

"Alhaji, don girman Allah mayar da shi baya."

"Baduku, zauna, ka kare mana!" in ji na baya.

"Mayar da shi baya, Alhaji."

Alhaji Garga ya mayar, ba don komai ba sai don a ga na'urarsa ta iya. Tsoho ya sake goga basilla a hanci. Hoto ya matsa kan hannuwansa, tsohon ya kai ƙarshen ɗinki, bai yi ƙulli ba, ya koma baya sau uku, ya karkata hagu, ya karkata dama. Sau huɗu aka maimaita wurin, har mutane suka fara tsaki. Ƙasimu ya fita ba takalmi, sai da aka biyo shi da su.

Rakiya tana tace kamu a tsakar gida ta gan shi ya shigo kamar an jefo shi.

"Malam, lafiya? Gamo ka yi?"

"Na ga hannun Baba," in ji shi. "Yana can da rai, yana ɗinki. Rakiya, ashe muna da mutane."

Ta ajiye rariya ta saurare shi har ƙarshe, abin da ba ta cika yi ba. Sannan ta ce, "To, ka je mana. Kowa jakarka ta kai shi ta dawo da shi, kai ne za a cinye? Alhaji zai koma Najeriya bayan damina, ka bi shi kamar jela. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

"Kifin da ya faɗi haka a miya ya ƙare," in ji Ƙasimu.

Ya faɗa dai, amma washegari ya zaɓi fatar da ta fi kowacce kyau a rumfa, ya yanka wa kansa jaka, karo na farko a rayuwarsa. Wata guda ya yi yana tara ƙarfin zuciyar zuwa ofishin da ake neman takardar fita ƙasa. Faransancinsa na kasuwa ne, na gaisuwa da ciniki, don haka Rakiya da babbar 'yarsu mai zuwa makaranta suka zaunar da shi suna yi masa bita: sunanka, sunan uba, sana'a, shekarar haihuwa. Ya haddace su kamar karatun allo. Tambaya ɗaya ce ba wanda ya tuna da ita, don ba wanda ya ga wahala a cikinta.

Ran wata Alhamis da safe ya sa wankakkiyar riga ya tafi. Ya yi awa uku a kan benci. Da layi ya zo kansa, ya zaro katin daga kube ya miƙa da hannu biyu. Akawun siriri ne mai tabarau, bai ko dube shi ba. Suna, ya amsa. Sunan uba, ya amsa. Sana'a, ya amsa. Har ya fara jin ashe abin ba wuya.

"Tu vas où?" in ji akawu, wato ina za ka.

A cikin kan Ƙasimu amsar ta fito da Hausa, kamar yadda ta saba fitowa shekara arba'in da uku. Harshensa kuma, don neman a yaba masa, ya yi maza ya juya ta.

"Chez nous, Mushe. Kano," wato gidanmu, yallaɓai, Kano.

Alƙalami ya tsaya. Akawu ya ɗago, ya cire tabarau, ya dube shi a karo na farko. Ya yi magana da Faransanci a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Gidanku. Kano ce gidanku. To, in Kano ce gidanku, wannan katin na Kamaru a ina ka same shi?"

Nan take duk Faransancin Ƙasimu ya tashi sama kamar tsuntsayen da aka jefa wa dutse. Ya ce a'a, ya ce nan, ya ce can, ya ce babana, ya nuna ƙasa, ya nuna arewa. Duk abin da ya ƙara sai ya ƙara ɓata na farko, akawu kuwa rubutu kawai yake yi. Magana zarar bunu ce. Yana ji yana gani aka jawo aljihun tebur, aka jefa katinsa ciki, aka murɗa makulli.

"Alhamis mai zuwa," in ji akawu. "Shef, shugaban ofis, zai gan ka. Na gaba!"

Ƙasimu ya fito da kube fayau a wuya. Bai bi titi ba, ta lunguna ya dawo, ta bayan Ekoudou, unguwar da ke maƙwabtaka da Birik, yana tsallake kwatami, yana jin kamar tsirara yake tafiya kowa na kallonsa. Abin da yake tsoro a fili yake. Ko a yi samame a unguwa cikin makon nan a same shi ba kati, ko kuma ran Alhamis a ce katin na jabu ne, a ɗora shi a babbar mota a sauke shi bayan iyaka, a ƙasar da bai san kowa ba sai wani tsoho na cikin akwati. Rakiya da yara uku su zauna nan, shi yana can. An taɓa raɗe-raɗin an yi wa wani mai gyaran agogo haka, kuma har yau ba wanda ya ga agogunan da aka ba shi gyara, balle shi.

Labari a Birik ba ya kwana. Kafin magariba Alhaji Garga ya iso rumfa, bai ko zauna ba.

"Baduku, ka faɗi sunana?"

"Ban faɗa ba, Alhaji."

"Akwatin fa? Ka ce a gidana ka ga Kano?"

"Wallahi ban kai nan ba."

"To, kada ka kai. Ni atamfa nake sayarwa, ban san kaset ba, kaset bai san ni ba."

Ran Lahadi ƙofar Alhaji a rufe, aka ce na'ura ta lalace. Daga baya matansa suka faɗa wa Rakiya cewa tana ƙarƙashin gado an naɗe ta da turmi biyu na atamfa kamar jaririya. Telan nan da za shi Jos ya koma gaisuwa daga tsallaken titi. Masu zuwa hira rumfa duk suka tuna suna da uzuri. Ƙasimu bai ga laifinsu ba ko kaɗan, don ya san da wani abin ya samu, shi ne zai fara tsallaka titin.

Abinci ya ƙi shiga. Ko masallaci sai ya leƙa hagu ya leƙa dama kafin ya fita. Ran Talata da hantsi wata babbar mota ta ja birki daidai ƙofar rumfa, aka ji dirar mutane tim, tim, wani yana daka tsawa da Faransanci. Rakiya ta fito da gudu daga cikin gida, ta tarar gawayi ne aka kawo wa masu tsire, direba yana faɗa da masu saukewa. Rumfa kuwa ba kowa. Sai da ta duba da kyau ta ga tarin fatun da ke lungu yana numfashi. Ta ɗaga ta sama, ga maigidanta a duƙunƙune, hula ta faɗi. Dariya ta taso mata har wuya. Sai idonta ya kai kan hannunsa na dama, yana rawa shi kaɗai kamar ba a jikinsa yake ba. Ba ta ga surukinta da rai ba, amma ta sha jin labarin hannun nan. Dariyar ta koma ciki, ta tsuguna ta riƙe hannun da nata biyu.

"In aka tafi da ni," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "kada ki biyo ni. Ki zauna da yara."

"Wanda ya ce maka zauna, ubanka ne, dole ka ji," in ji Rakiya. "Ni kuwa ran Alhamis ƙafata ƙafarka. In mota ce, a nemo mai ɗaukar mutum biyar."

Haka kuwa aka yi. Ran Alhamis ta raka shi har bakin ofis, ta tsaya gindin wata bishiya a waje. Aka shigar da shi wani ɗaki na ciki mai fanka. Shef ƙaton mutum ne, ɗan kudu, da katin Ƙasimu a gabansa yana juya shi da yatsa ɗaya. Ya bar shi a tsaye har sai da gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Sannan ya buɗe baki, sai ga Hausa, ta ɗan karkace amma Hausa ce.

"Kai ne mai gida a Kano?"

"Ranka ya daɗe, kuskuren baki ne."

"A ina aka haife ka?"

"Birik, ranka ya daɗe. Gangaren masu tsire. Cibiyata tana gindin mangwaro, mangwaron yana nan."

"Ubanka?"

"Nan aka binne shi. Ni na sa shi a kabari."

"Ka taɓa zuwa Kano?"

"A... a hoto na gan ta."

Shef ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ni a Ekoudou na tashi," in ji shi. "Na san yadda kuke magana. Kakanku a nan, ubanku a nan, amma gida can. Ni na gane. Sai dai takarda ba ta jin Hausa, Malam. Abin da ka faɗa an rubuta shi." Ya ɗauki katin ya ajiye a hagu, ya ɗauki takardar neman tafiya ya ajiye a dama. "Mutum ɗaya, gida ɗaya. In ka ɗauki wannan na sa hannu, ka tafi ka ga danginka, katin ya zauna a wurina ana bincike. Ban ce za ka dawo ba, ban ce ba za ka dawo ba. In ka ɗauki katinka, in yaga waccan, ni ban gan ka ba, kai ba ka gan ni ba. Zaɓi."

Fanka tana juyawa. Ƙasimu ya ga hannuwan tsohon nan suna komawa baya sau uku. Ya ga farar riga tana ƙanƙancewa a bakin hanyar Obala. Ta tagar gilashi kuma ya hango Rakiya gindin bishiya, ta ja mayafi ta rufe baki, idonta a kan ƙofa. Zuciyarsa ba ta gama shawara ba, hannunsa ya riga ya wafce katin.

Shef ya yaga takardar gida biyu, ya sake yagawa. "Yanzu faɗa mini. Ina ne gidanka?"

"Birik, ranka ya daɗe."

"Ban ji ba."

"Birik! Yawunde!"

Gaskiya ya faɗa, babu ko ɗigon ƙarya a ciki. Amma yana faɗa ya ji kamar ya sake barin mahaifinsa a bakin shinge, wannan karon kuma ba wanda ya ce masa zauna.

Da Rakiya ta gan shi ya fito yana cusa kati a kube, ta kai hannu baki za ta rangaɗa guɗa, ya riƙe ta da sauri. Sai da suka yi nisa ya yi magana.

"Daga yau, a gidana, Kano sunanta Kano. Ki faɗa wa yara."

Ba ta yi masa gardama ba, kuma wannan ma abu ne da ba ta cika yi ba. Jakar da ya ɗinka wa kansa ya sayar wa wani dillalin shanu, ita ma ta hau jirgi ta bar shi. Bayan mako uku na'urar Alhaji ta warke, falo ya sake cika, tela ya koma zuwa Jos da baki. Ƙasimu bai fasa zuwa ba, sai dai ya koma mazauninsa na bakin ƙofa. In ganuwa ta fito aka ɗauki "Ga gida!" shi taga yake kallo, ya ga ko akwai mai tsayuwa a waje. In kuma tsohon ya fito, hannuwan kawai yake kallo, bai ƙara cewa a mayar baya ba.

Da damina ta wuce Alhaji Garga ya yi shirin tafiya, Ƙasimu ya kai masa wani ɗan alabe na jar fata, ba rubutu, ba komai a ciki. Ya ce in Allah ya sa ya bi ta lungun nan, ya ba tsohon, kada ya ce komai sai in an tambaye shi. Alhaji, wanda har lokacin yana ɗan jin kunyar abin da ya yi, ya karɓa.

Bayan wata biyu ya dawo. Da rana tsaka ya tsaya bakin rumfa, da babbar muryarsa ta kasuwa.

"Baduku, na gan shi! Ai duk lungun an san wanda ya fito a talabijin. Malam Hussaini sunansa. Na ba shi alabe, ban ce komai ba. Bai ko dubi wajensa ba, sai ya juya cikinsa waje. Yana ganin ɗinkin ya kama rigata ya ce, ɗan wa ne? Na ce ɗan Isma'ila. Wallahi Baduku, tsoho ya yi kuka har aka taru. Ya ce Isma'ila yayansa ne. Yana shekara bakwai Isma'ila ya tafi, ya ce musu damina ɗaya zai yi."

Ya zaro wani abu a naɗe da tsumma. Basilla ce, ƙotarta ta yi baƙi ta sulɓe saboda hannu. Ta kakan Ƙasimu ce, in ji Alhaji, an ajiye wa Isma'ila ita tun rasuwar ubansu.

"Ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita sau uku don kada in manta. Ya ce ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ya ce a faɗa wa ɗan Isma'ila ya zo gida."

Kalmar ta fita titi sarai. Can tsallake, wani mai kaki yana tsaye gaban mai tsire yana jiran a naɗe masa nama, ko waiwayowa bai yi ba. Hannun Ƙasimu ya tafi ƙirji ya tsaya a kan kube. Rakiya tana bakin ƙofar cikin gida, ta ji komai.

Ya daɗe yana juya basillar. Sannan ya jawo fatar da ke gabansa.

"Alhaji, in ka koma ka gaishe da Baffa, ka ce na gode, Allah ya saka." Ya shimfiɗa fatar a kan cinyarsa. "Ka ce masa ina gida."

Ya ɗaga basillar kakansa ya goga a gefen hanci. Wurin a jiƙe yake, tsinin ya zame, sai da ya share fuska da hannun riga ya sake gogawa.